Ruwan da Ya Hau Kwalba a Ƙasar Dumega

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin filin sallar idi sai an tare ni: "Malama Asabe, wai da gaske yaran can Faransanci suke yi kamar ruwa? Wai ma me kika je yi?" Na ba da labarin har na lura na fara ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare a Argungu. Mahaifiyata Ba'ara ce, daga wani ƙauye na ƙasar Dumega aka auro ta, amma rabona da can tun ban san kaina ba. Wanda ya ja ni shi ne Idi, ɗan kawuna, wato taubashina. Shi ma kimiyya yake koyarwa, a kwalejin ƙauyen. Mun haɗu wajen wata ta'aziyya bara, muka zauna muna kukan abu ɗaya: yaro ya haddace ma'anar abu tsaf, ka miƙa masa abin a hannu ya tsaya yana kallon ka.

Ana gab da hutun bazara sai ga kiransa.

"Ke baiwar gidanmu, aiki na samo miki. An ce muna mu bar auna hadda, mu auna abin da yaro ya iya yi da hannunshi da kanshi. To in na tsaya gabansu, Faransanci suke karanto min kamar yadda yake cikin littafi. Ko na ce su yi Hausa ba su yi, nauyina suke ji. Ina son wanda ba ya jin Faransanci ko na roƙon ruwa, yadda dole su yi mishi bayani da Hausa. Na duba dangi kaf, ban ga wanda ya kai ki duhun kai ba."

Na ce, "Na gode, bawan gidanmu. Allah ya bar zumunci."

Na yi dariya na kashe waya, amma maganar ta kwana a raina. Ni ma na daɗe ina son in san ko kimiyyar ce yara ba su iya ba, ko kuwa harshen da ake tambayar su da shi. Maigidana ya ce in je, ko ba komai na ga dangin uwata. Na haɗa kwali guda: batura, ƙananan ƙwayayen fitila, wayoyin lantarki, ma'aunin zafi, da kwalaben gilashi da na naɗe cikin tsofaffin zannuwa.

Daga Argungu mota na shiga zuwa Bachaka, ranar kasuwa, ni da wasu mata 'yan kasuwa da akuya guda da aka ɗaure a ƙarƙashin kujerata. Daga nan sai babur, wanda su can suke kira kabu-kabu. Idi ya turo mini wani magidanci mai suna Bizo, mai rawani da baƙin tabarau. Ya ɗaure kwalin a baya, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Hajiya, in kin ji mun shiga yashi, kar ki taimake ni. Ki zauna kamar buhu."

A kan iyaka ne na fara gane cewa ban yi tunani sosai ba wajen haɗa kaya. Rumfa ce da igiya an gitta, da jami'ai a zaune. Ɗaya daga cikinsu ya duba takarduna, ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce a buɗe kwali. Yana ɗaga zanen farko sai ga batura da wayoyi ja da baƙi a nannaɗe. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kira ɗan'uwansa da Faransanci, shi ma ya zo ya leƙa. A zamanin nan da muke ciki, ni kaina da ni ce a wurinsu ba zan yi dariya ba.

"Hajiya, wanga fa na mi ne?"

Na ce ni malama ce, kayan gwajin yara ne.

"To in malama ce ke, kunna muna mu gani."

Na tsuguna a kan yashi, na ɗauki batir da waya da ƙwai guda. Abu ne da na sha yi gaban yara. Na haɗa, ƙwai bai kama ba. Na sake haɗawa, shiru. Bizo ya ja baya kaɗan, kamar bai taɓa ganina ba. Sai na ɗaga ƙwan na duba shi a rana, na ga zaren cikinsa ya tsinke. Na ɗauki wani, na haɗa, ya kawo ɗan haske ja wanda da ƙyar ake gani saboda rana. Jami'in ya rufa masa inuwa da hularsa, ya kalla, ya yi murmushi.

Daga nan hira ta ɓalle. Ya ce shi ma ya yi kwaleji a Dogon Dutsi, kuma wannan darasin ne ya kayar da shi, bai taɓa riƙe waya da batir ba sai a zane kan allo. Sannan ya ce akwai abin da ya daɗe yana damun sa: me ya sa tsuntsu ke sauka kan wayar lantarki ba ta kashe shi? Na yi masa bayani iya iyawata. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Awo, yanzu na gane rabi." Ya taimaka aka ɗaure kwali, muka wuce.

Ba mu yi nisa ba muka shiga yashin da Bizo ya faɗa. Babur ya fara lilo, ni kuma na manta da gargaɗi, na sauke ƙafa don in tare. Sai gani na yi muna kwance, ni a gefe, shi a gefe, kwali a gaba. Babu wanda ya ji ciwo. Bizo ya tashi ya kakkaɓe rawaninsa, bai ce mini komai ba sai, "Buhu ba ya sauke ƙahwa, Hajiya." Da muka buɗe kwali, ma'aunin zafi ya tafi, kwalabe kuma guda ɗaya ce ta tsira.

Gidan Idi na sauka, wajen matarsa Hajara, mace mai fara'a wadda ta kama kirana Yaya tun daga ƙofa. Kafin in wanke ƙafa tsofaffin dangin uwata sun cika tsakar gida. Kowace ta kama haɓata ta juya fuskata, ta ce hancin uwata ne, wata ta ce a'a, na kakata ne. Maganarsu kusan tamu ce ta Kabi, sai dai kana cikin jin daɗin hira sai a jefo kalmar Faransanci kamar tsakuwa cikin shinkafa. Aka kawo fura mai sanyi, da yamma kuma dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, wanda na ci har na ji kunya. Da safe sai ga burodi dogo kamar sanda, mai tauri a waje. Na nemi inda zan yanka shi, Hajara ta karɓa ta karya a gwiwa.

Ranar ne kuma na yi abin kunyata na farko. 'Yarsu Zali ta dawo daga makaranta da gudu, ta ce, "Gwaggo, na samu sha huɗu a lissahi." Na jawo ta jikina na ce ta yi haƙuri, kowa yana faɗuwa, ta ƙara ƙoƙari. Yarinya ta dube ni, ta dubi uwarta. Hajara ta riƙe ciki don dariya. Ashe su a kan ashirin suke ba da maki, ba ɗari ba, kuma wanda ya samu sha huɗu har kaza ana iya yanka masa. Idi ya ce a wurinsu ashirin ta Allah ce, sha tara ta malam, yaro ya nema daga sha takwas zuwa ƙasa.

Ba nan kaɗai lissafinsu ya juya mini kai ba. Azuzuwa ma da baya suke ƙirgawa. Yaro ya shiga kwaleji a aji shida, wanda suke kira siziyam, ya wuce aji biyar, sankiyam, haka har ya sauko aji uku ya rubuta jarrabawar fita. Na ce wa Idi, "Ku yaro yana ƙara ilimi lambarsa tana raguwa?" Ya ce, "Mu abin da ya rage muke ƙirgawa, ku abin da ya wuce."

Saboda kwalaben da suka fashe, washegari muka hau babur ɗin Idi zuwa Tibiri. Muka shiga shagon wani saurayi mai ɗan gemu da wando ɗangale, yana sauraron wa'azi a waya. Na ce ina son kyandir masu yawa, da ashana, da shuɗin wanki, da duk wata kwalbar gilashi mai faɗin baki da yake da ita. Ya rage muryar wa'azin. Ya kawo kayan, amma bai sake su ba.

"Hajiya, ki gafarce ni. In wani ne ya ce ki kawo wanga kaya don a yi miki aiki, wallahi kuɗinki za ya ci. Addu'a ta fi."

Idi ya juya baya yana tari. Na ce wa saurayin aikin makaranta ne, za mu kifa kwalba kan kyandir mu tambayi yara abin da ya kashe wutar. Ya saki jiki, har ya tuna sunan gwajin da Faransanci. Ya je bayan shago ya zazzage wasu kwalaben alewa ya ba mu, ya ce ladan ya ishe shi.

Kwalejin tana bayan gari. Azuzuwa biyu na siminti, sauran na zana da kara, waɗanda ake sake ginawa duk shekara bayan girbi. Shugaban makarantar ya karɓe ni da kyau, ya ce ya yarda a lissafa gwajin namu a matsayin ɗaya daga cikin ƙananan jarrabawoyin aji. A nan aka gabatar da ni ga Mushe Gado. Can duk malami namiji mushe ne, mace kuma madam, don haka ni ma na koma Madam Asabe. Mushe Gado dattijo ne siriri, gashinsa ya yi fari, rigarsa a goge duk da zafin nan. Shi ne babban malamin kimiyya, kuma ya koyar da Idi kansa.

Ya gaishe ni, ya tambayi hanya, sannan ya ce, "Madam, ba ni ɓoye miki. Ban ga amfanin wanga abu ba. Ran jarrabawa takarda za a ba su, da Faransanci, kuma ba mai tambayar su da Hausa. Amma Idi ɗana ne, ban hana shi." Ya ɗauki kujerarsa da tarin takardun da yake ba wa maki, ya zauna a bakin ƙofar ajin, ya ce shi iska yake sha.

'Yan sankiyam muka gwada. Muka shirya tebur uku: ɗaya na batir da ƙwai, ɗaya na ruwan tabki mai laka da za a tace, ɗaya na kyandir. Yara su shigo kaɗan-kaɗan, ni in yi tambaya, Idi ya zauna a baya yana ba da maki.

Rukunin farko suka shigo suka tsaya ƙiƙam, hannu a baya. Don in sake musu jiki, na ɗaga kwalba na ce, "Me ke cikin nan?" Suka ce babu komai. Na ce, "A'a, akwai iska a ciki."

Wata yarinya ta ja da baya har ta taka ta bayanta. Wani yaro ya yi a'uziyya a hankali. Sai wani daga gefe ya ce, "Madam, wace daga ciki?" Nan fa dariya ta ɓarke, har da waɗanda ke leƙe ta ramukan zana.

Mu ma a gida kalmar nan tana da fuska biyu, amma ban taɓa faɗin ta a aji wani ya tuna da aljanu ba. Can kuwa yara sun san sunayen iskoki kamar yadda suka san sunayen maƙwabta, wasu kakanninsu 'yan bori ne, wasu kuma iyayensu sun hana a ambata a gida. Ga shi duk karatunsu da Faransanci suka yi shi, ba su taɓa jin kalmar a cikin aji ba. Mushe Gado bai ɗago kai daga takardunsa ba, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kin gani, Madam. Faransanci ya raba su, Hausa ta gama su wuri guda." Wata yarinya ce ta fitar da mu, ta ce mu riƙa cewa iskar shaƙa. Haka muka yi har muka gama.

Abin da muka gani a teburan nan bai zo yadda ni da Idi muka zata ba. Mun ɗauka da zarar an cire Faransanci, ilimi zai ɓulɓulo. A wurin wasu haka aka yi. Akwai yaran da suka kunna ƙwai kafin in rufe baki, don sun saba gyaran tocila a gida, amma da na ce me ya sa sai an haɗa waya biyu, sai su ce haka ake yi. Nasiru, wanda ke zuwa na ɗaya a ajin, ya zana mini hanyar lantarki a ƙasa da yatsa, babu kuskure, amma ya kasa kunna ƙwan, saboda bai san ana fere robar bakin waya ba. Ya tsaya yana zufa, ya juya wayar, ya sake juyawa, can sai ya sa haƙori ya fere ta, ƙwai ya kama. Na ji daɗin yaron nan. Akwai kuma waɗanda babu Hausar babu Faransancin, kuma ba su da kaɗan. A teburin ruwa kusan kowa ya iya tacewa da ƙyalle da yashi, amma da na ce ruwan ya yi fari, a sha? Fiye da rabi suka ce a sha.

Tun da yamman da na iso Idi ya ba ni labarin wata yarinya mai suna Maimu. Ta riga ta maimaita sankiyam sau ɗaya, kuma dokarsu ita ce wanda ya sake faɗuwa a kore shi. Makinta yana ƙasa da iyaka kaɗan. Uwarta ta riga ta yi magana da wata 'yar'uwa mai sayar da abinci a tashar Dogon Dutsi, in an kore ta can za ta tafi wanke-wanke. Idi ya ce a aji ba ta magana, takardarta kuma rabi fari take dawowa, amma shi yana jin akwai wani abu a kanta, ya rasa ta inda zai taɓa shi.

Ta shigo a rukunin ƙarshe, rana ta take. Doguwa ce fiye da sauran, tana ɗan duƙar da kafaɗa kamar mai neman gajarta. A teburin batir ta yi daidai gwargwado. A na ruwa ta ce ita ba za ta sha ba sai an tafasa. Sai muka zo kyandir.

Ga yadda gwajin yake. A kafa kyandir a tsakiyar faranti, a zuba ruwa, mu mun sa masa shuɗi don a gan shi sosai. A kunna, a kifa kwalba. Wuta ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Amsar da muka rubuta ni da Idi ita ce wadda ke cikin littafinsu da namu: wuta ta cinye wani kashi na iskar, ruwa ya hau ya cike gurbin. Yawancin yara sun faɗi haka, wasu har da kalmar oksijin, muka ba su maki.

Maimu ta kifa kwalbar, ta tsuguna har haɓarta ta kusa taɓa tebur. Wuta ta mutu, ruwa ya hau. Na ce, "To, me ya sa ruwan ya hau?"

Ta ci gaba da kallon kwalbar. Na ce, "Wutar ta ci wani abu ne a ciki?"

Ta ce, "Madam, in sake?"

Na ba ta ashana. Ta sake, ta kuma tsugunawa. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ban ga ta ci ba. Lokacin da take ci, ruwan bai hau ba sai kaɗan. Sai da ta mutu ya hau da sauri. Kuma sa'ad da na kifa, wani abu ya hita ta ƙasa, ɓul-ɓul."

Na ce, "To me ya sa ya hau?"

Ta ce ba ta sani ba.

Na waiwaya na dubi Idi, ya ɗan girgiza kai. Ba ta faɗi amsar ba, ko da na buɗe mata ƙofa. Na ga ya sunkuya zai rubuta, kuma na san abin da zai rubuta ba mai yawa ba ne. Na ce mata ta je, mun gode.

"Dakata."

Mushe Gado ne. Ban san lokacin da ya ajiye takardunsa ba. Ya shigo ya tsaya gaban teburin, ya dubi yarinyar, ita kuma ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi. Da Hausa ya yi mata magana, kuma daga yadda sauran yaran suka dubi juna na gane ba su taɓa jin Hausa a bakinsa cikin aji ba.

"Ɗiyata, in an sa kyandir biyu cikin kwalba guda, ruwan za ya hau kamar na ɗazu, ko ya hi, ko ya kasa?"

Ta daɗe tana tunani. Ta ce, "In ci ne, daidai za ya hau, tunda abincin guda ne. Amma ni ina ga za ya hi."

"Don mi?"

"Don zahi ya hi yawa."

Ya ɗauki alli ya yi alama a jikin kwalbar inda ruwan farko ya tsaya. Ya kafa kyandir na biyu da hannunsa, ya miƙa mata ashana. Duk muka tsuguna, ni da Idi da dattijon nan da rigarsa mai guga. Ta kunna, ta kifa. Ƙwayoyin iska suka fita ta ƙasa, wutar ta mutu, ruwa ya taso ya wuce alamar alli da kusan faɗin yatsa.

Mushe Gado ya miƙe yana riƙe da gwiwa. Ya ce mana abin da littafi ya faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma guntu ne. Zafi ne ke kumbura iskar har wata ta tsere ta ƙasa, in wuta ta mutu sauran ta huce ta takure, ruwa ya biyo ta. Ya ce ya san haka tun yana ɗalibi, amma bai taɓa koyar da shi ba, domin ba shi ake nema a jarrabawa ba. Ni ma na taɓa karanta hakan, amma da na tsaya gaban yarinyar, amsar da ke kan takardata kawai nake jira in ji.

Idi ya ce, "To Mushe, nawa za mu ba ta?"

Suka shiga gardama, rabi Hausa rabi Faransanci. Idi, wanda ɗazu zai ba ta kaɗan, yanzu yana son ya ba ta kusan duka. Mushe Gado ya ce a'a, ta gani amma ba ta bayyana ba sai da aka ja ta, kuma in an ba ta duka, me za a ce wa waɗanda suka faɗi amsar littafi, tunda abin da aka koya musu ke nan? Suka juyo gare ni. Na ce ni a ganina abu uku muke aunawa muka cusa su cikin maki ɗaya: abin da yaro ya riƙe, abin da ya iya yi, da abin da ya lura da shi. Mushe Gado ya ce, "Gidan maki guda ne a takarda, Madam." A ƙarshe suka tsaya a sha biyar. Maimu tana tsaye duk lokacin nan, ashana a hannu, ba wanda ya tuna ya sallame ta.

Ranar da zan tafi na je yi wa Mushe Gado sallama. Na same shi a gindin bedi, wato dogon yaro, yana shan shayi a ɗan ƙaramin kofi. Na ce ko yanzu ya ga amfanin abin? Ya ce bai canza ra'ayi ba. "Idonta ya hi na duk ajin. Amma mai ba da maki a jarrabawa ba ya ganin ido, takarda yake gani. In ba ta iya rubuta abin da ta gani ba, ko mun tsallakar da ita bana, gaba za ta faɗi, kuma faɗuwar can ta hi ciwo." Na ce to mene ne mafita? Ya ce yana tunani. Ya ba ni kilishi a takarda in kai wa maigida.

Bizo ne ya maido ni. A yashi na zauna kamar yadda aka ce, muka wuce lafiya. Kwalin na bar wa Idi, har da baturan.

Bayan damina ta sauka Idi ya kira. Ya ce an yi taron malamai na ƙarshen shekara, inda ake karanta sunan kowane yaro a yanke masa hukunci. Makin Maimu ya ɗaga, amma bai kai iyaka ba, saura ƙiris. Wasu malamai suka ce doka doka ce. Mushe Gado, wanda a tsawon aikinsa ba a taɓa jin ya roƙar wa yaro ba, ya ce a bar ta ta wuce, shi ya ɗauki nauyin Faransancinta. Aka yi ta ja, shugaba ya ce tunda Gado ne ya faɗa, a rubuta ta wuce. Shi da kansa ya je ya gaya wa uwarta, ya kuma kafa sharaɗi: duk hutun nan, in an taso daga gona, ta zo gidansa da littafi da alƙalami.

Na ce, "Tana zuwa?"

Idi ya ce, "Tana zuwa, tana kuka, tana komawa. Bari in turo miki abu."

Saƙon murya ne ya shigo. Muryar Maimu ce, tana karanta wani abu da Faransanci, a hankali, kalma bayan kalma, ana jin kukan kaji a bayanta. Idi ya ce bayanin gwajin kyandir ne, ita ta rubuta shi da kanta. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na dai ji muryar dattijon ta katse ta a tsakiya, a tsawace, ya gyara mata wata kalma. Sai na ji ta ja numfashi, ta maimaita kalmar yadda ya faɗa, ta ci gaba da karatu.